Daga Hindawiyya Zuwa Dutsen Tatra, Neman Ƙanena Musa

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwarmu ta Hindawiyya a Jidda, ni da wani maƙwabcinmu mai sayar da turare wanda zai je Khartum ganin iyalinsa. Alhazai ba su daɗe da watsewa ba, hanyar tashar jirgin ruwa ta yi sakayau, sai masu gasa burodin tamis da suka fara hura tanda. A wajen mutanen unguwa, Sudan zan je hutu. Haka na gaya wa kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a takardun zama, haka kuma aka rubuta a takardar fita. Ba ƙarya na yi ba, sai dai Sudan rabin hanya ce. Tunda na dawo nake jin raɗe-raɗi iri-iri a kan inda na je, shi ya sa na ga gara ku ji daga bakina.

Yawancinku kun san ƙanena Musa. Shi ne gwamnatin Sudan ta tura karatun likita ƙasar Cekosulobakiya, wani birni da ake kira Bratislava. Ya yi aure a can, Inna ta haɗiye wannan da ƙyar. Daga baya saƙonsa ya fara ja da baya, har ya yanke. Ana cikin haka wani ɗalibi ɗan garin Madani na Sudan ya zo aikin hajji, ya biyo ta gidanmu, ya ce wa Inna shi da kunnensa ya ji mutanen can suna kiran ɗanta Musovi, wani lokaci Musom. Inna ta ce wanda ya saki sunan yanka ai ya saki sauran. Ta kwanta, abinci ma sai an matsa mata.

A garejin kamfanin da nake aiki akwai wani Bature makanike, Usɗa muke ce masa. Ɗan ƙasar ne, ya gudo shekarar da tankokin Rasha suka shiga musu, yana ɗan jin Larabci. Na daɗe ina kewaye shi kafin na yi masa maganar. Da ya ji sai da ya ajiye sufana don dariya. Ya ce ba wanda ya sauya wa Musa suna, harshensu na Sulobak ne haka, suna yana sake wutsiya gwargwadon aikinsa a cikin magana. Idan Musa ne ya yi abu, Musa. Idan shi aka gani, ko daga wajensa abu ya fito, Musu. Idan wajensa za a je, k Musovi. Idan tare da shi ne, s Musom. Ya ce gidaje shida ne, kowane suna sai ya shiga dukkansu.

Na ce ashe nahawu ne. Mu da muka sha bulala a kan rufu'a da fataha da kisira, wannan ba baƙon abu ba ne, sai dai Larabawa sun tsaya a uku, su kuwa sun ninka. Ko a Hausa ai riga takan koma rigar Musa. Daga ranar duk lokacin shan shayi Usɗa zai ɗauki alli ya rubuta mini a bangon gareji, ni kuma in yi ta bita kamar hadda a hanyar gida. Brat shi ne ɗan'uwa: bez brata, ba da ɗan'uwa ba, s bratom, tare da ɗan'uwa. Voda ruwa ne, amma in kana roƙo sai ka ce vodu. Sunayen mata da nasu wutsiyoyin, na abubuwa da nasu, har na fara zargin da gangan suka tsara harshen don kada baƙo ya san abin da ake ciki. Shi kansa Usɗa ban sake da shi ba. Mutum ya yi wata da watanni yana koya maka abu bai nemi komai ba, dole ka yi tunani. Na yi ta jiran ranar da zai ɗanƙa mini wani saƙo in kai. Ranar sallama abin da ya ce kawai shi ne kada in kuskura in ambaci sunansa a can, kuma kada in nuna ina jin harshen sai ya zama dole.

Bayanin Usɗa bai tayar da Inna daga kwance ba. Ta ce to in sunan na nan, shi yana ina? Abin da ya ɗora ni a jirgin ke nan.

Jirgin ruwan Port Sudan cike yake da ragowar alhazai da akwatunan ƙarfe da jarkokin zamzam. A saman bene muka shimfiɗa tabarma. Maƙwabcina ya yi ta auna jakata da ido, don ya ga hannun wata ƙatuwar rigar sanyi da na saya a gwanjon Sharafiyya ya leƙo. Ya ce ashe Khartum ta fara ƙanƙara bana. Na ce jinina ne ya yi rauni. Ya yi ta murmushi har muka sauka. Daga Port Sudan jirgin ƙasa muka hau, ya ratsa duwatsu ya biyo ta Atbara yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. A kowace tasha mata na sayar da shayi da dafaffen ƙwai, kuma komai ya fi Jidda araha nesa ba kusa ba.

A Khartum muka rabu da shi. Wani ɗan baffana ya yi mini zirga-zirgar ofisoshi har aka buga mini biza a takarda daban, ba cikin fasfo ba, don kada hatimin ƙasar 'yan gurguzu ya zame mini fitina da iƙamata, wato takardar zamana a Jidda, ranar dawowa. Na buga wa Musa waya ta talgiram na faɗi ranar isowata. Jirgin sama ya sauke mu Alƙahira, wani ya ɗauke mu zuwa Prag. A can ma'aikacin shige da fice ya daɗe yana duban hotona yana dubana, ni ma ina dubansa, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara ƙifta ido.

Sanyin ƙasar ba irin wanda ake ba da labari ba ne. Rigar Sharafiyya ta zama kamar tufar gidan gizo-gizo. A tashar jirgin ƙasa na fara cin amfanin allin Usɗa, don a jikin allo ba a rubuta Bratislava ba, do Bratislavy na gani. Ba don na san wutsiyar ba da na rantse wani gari ne. Muka yi yini muna ratsa gonaki farare fat. Mutanen da ke cikin taragon ba mai magana da ƙarfi. In mai duba tikiti ya shigo sai kowa ya yi tsit, in ya fita a ci gaba da ƙus-ƙus. Wata mata ta miƙo mini burodi da wani jan nama a ciki, na dafa ƙirji na girgiza kai. Mai tura keken shayi kuwa na ce masa s cukrom, wato da sukari, ya waiwayo ya sake dubana. Nan na tuna gargaɗin Usɗa na kama bakina.

Musa bai zo tarbata ba. Mutum uku na tarar a tasha riƙe da hotona: matarsa, doguwa mai tsohon ciki, da mahaifiyarta, wata gajeriyar tsohuwa mai ɗankwali, da wani saurayi Balarabe da ya ce abokin karatun Musa ne, shi zai yi mana tafinta. Tun kafin in ajiye jaka na tambaye shi ina Musa. Ya ce an tura shi aikin koyon sana'a wani asibiti can gabas kusa da iyaka, baƙi ba sa zuwa sai da izini, izinin kuma yana ɗaukar watanni, waya ma ba ta shiga. Ya faɗi maganar sumul, kamar wanda ya bita ta a hanya. Matar tana kallon takalminta.

Gidansu ɗaki biyu ne a hawa na uku, kusa da babban kogin garin. Ɗakin Musa suka ba ni. A bayan ƙofa na ga jakarsa ta aiki rataye, da abin sauraron ƙirji a ciki. Na zauna a bakin gado ina tambayar kaina wane likita ne zai tafi aiki ya bar kunnensa a gida. Zuciyata ta tafi kurkuku kai tsaye. Daga baya ta tafi abin da ya fi kurkuku muni.

Kwanakin da suka biyo baya tafinta bai bar ni na numfasa ba. Shi ya kai ni ofishin 'yan sanda aka rubuta sunana, shi ya zaga da ni gari. Na ga gidan sarauta a kan tudu mai kama da tebur da aka kifar, na ga sabuwar gada, na ga motocin lantarki masu bin dogo a tsakiyar titi, kuɗin shigarsu bai kai na kofin shayi a Jidda ba. Burodi da madara araha, amma ranar da lemon zaƙi ya iso wani kanti sai ga layi har ya sha kwana, mutane na tsaye a ƙanƙara don abin da muke bari ya ruɓe a kasuwa. Yara kan biyo ni, wani har ya shafa bayan hannuna ya duba yatsansa. Daga saman tudun tafinta ya nuna mini ƙasar Ostiriya, ga ta nan kamar ka miƙa hannu, da waya da hasumiyar sojoji a tsakani. Yana nunawa yana yi mini tambayoyi: su wa nake aiki da su, akwai Turawa a kamfaninmu, 'yan wace ƙasa ne. Na ce ni dai ƙarƙashin mota nake yini, ƙafafunsu kawai nake gani.

A gida tsohuwar ce ke girki. Akwai wani abincinsu na ƙananan curin dankali da cukwin tumaki, mai daɗi, amma a bisa al'ada da kitsen alade ake barbaɗa shi. Duk abin da ta ajiye mini sai na shinshina, na juya shi da cokali, tana tsaye tana kallona. Na lura tukunyar da take dafa nawa daban ce, mai shuɗin murfi, na ce a raina ko me ya sa aka ware mini tukunya. Kullum ina zaune a kicin kusa da murhu kamar kurma, ina jin sunan ƙanena yana wucewa da wutsiyoyi iri-iri. Mafi yawan maganar ta fi ƙarfina, suna sauri, kalmomin kuma baƙaƙe ne a cunkushe ba wasali. Wutsiyoyin kawai nake kamawa. Na ji tsohuwar ta ce od Musu tana miƙa wa 'yarta wani ƙunshin wanki. Daga wajen Musa ke nan. Mutumin da aka ce ba a iya kai wa gare shi, ga kayan wankinsa sun iso.

Ranar Asabar da hantsi tafinta bai zo ba. Tsohuwar ta dafa kaza a tukunyar mai shuɗin murfi, ta juye romon a kwalba, ta naɗe da tawul, ta haɗa da safa da ta saƙa. Matar Musa ta yi mata wata tambaya, na tsinci zajtra, wato gobe, na kuma tsinci k Musovi. Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta nuna ni da haɓa tana tambaya. Matar ta saci kallona, ta rage murya.

"Bez brata," in ji ta.

Ba da ɗan'uwan ba.  Na miƙe tsaye, na dafa ƙirjina.

"S bratom," na ce. "K Musovi. S bratom."

Matar ta zauna a kujera ta rufe fuska da hannu biyu. Tsohuwar ta daɗe tana dubana, ludayi a hannunta. Ta yi wa 'yarta wata doguwar magana da faɗa-faɗa wadda ban kama ko kalma ɗaya ba, sannan ta juyo gare ni ta ce, "S bratom." Ta shiga ɗaki ta fito da rigar sanyin marigayi mijinta ta ɗora mini a kafaɗa.

Da sassafe muka hau jirgin gabas, ni da ita. Ba mu da harshen hira, don haka taga muka yi ta kallo. Dogon yana bin wani kogi, ƙauyuka da coci-coci suna wucewa, kangwayen gidajen sarakunan da a kan tsaunuka. Har lokacin ban san inda take kai ni ba. Duk tashar da na ga soja sai in ce to, an iso. Ta ɓare dafaffen ƙwai ta miƙo mini, na karɓa, don ƙwai dai ba a yi masa ha'inci. Bayan azahar muka sauka a wani gari da ake kira Poprad, muka shiga wani ƙaramin jirgin lantarki da ya yi ta hawa cikin dajin itatuwa masu tsini. Duwatsun Tatra suka tsaya a gabanmu, ban taɓa ganin abu mai girma da fari haka ba.

Ginin da ta nufa dogo ne, ba katanga, ba mai gadi da bindiga. Kowane hawa da baranda, a kan barandar an jera gadaje, mutane kwance cikin barguna a tsakiyar wannan sanyi. Kafin mu kai ƙofa na ji tarin. Na san shi. Shi ne tarin da muka kwana muna ji shekara biyu a gidanmu na Jazira, can Sudan, kafin ya ɗauke Baba.

Aka ɗaura mana ƙyalle a hanci. Musa na can ƙarshen baranda, ya rame har kunnuwansa sun yi girma. Ya dubi tsohuwar, ya dube ni, ya yi ƙoƙarin tashi.

"Yaya. Wa ya gaya maka?"

"Ba wanda ya gaya mini. Kai da ya kamata ka faɗa ai shiru ka yi."

"Inna fa?"

"Tana kwance. An ce mata ka sauya suna."

Ya fara dariya, tari ya karɓe. Da ya lafa ya ce a wajen aiki ya ɗauka, an gano da wuri, magani na ci, likitoci sun ce in zafi ya shigo za a sallame shi. Ya ce shi ya hana a faɗa, shi ya roƙi abokinsa ya shirya mini labarin iyaka, yana zaton zan gaji in koma.

"Ka ga yadda ta yi da na Baba," in ji shi. "Ba zan iya sa ta ji sunan ciwon nan a kaina ba. Na ce in na warke in zo da ƙafata, halas, shi ke nan."

"Ai shirun naka ya fi ciwon cin ta."

 Tsohuwar ta buɗe kwalba, ta zuba romo a kofi, ta tsaya a kansa sai da ya shanye. Ya ce mini an hana matarsa zuwa saboda cikin, don haka tun da aka kwantar da shi tsohuwar nan ba ta fasa Lahadi ɗaya ba, ta taso da duhu ta koma da duhu. Tukunya mai shuɗin murfi kuwa tasa ce, ita ta saya tun farkon aurensu don kada abincinsa ya haɗu da abin da ba ya ci, kazar ma wajen wani ɗalibi Musulmi take kaiwa ya yanka. Na tuna yadda nake shinshina kwanonta a gabanta, na rasa inda zan sa idona. Da la'asar ta yi ya jawo wani ɗan dutse daga ƙarƙashin matashi ya yi taimama, na ja mu salla, shi a zaune.

Kafin mu tafi na tambaye shi tafintan nan. Ya duba hagu da dama, ya koma Hausa zalla, ba ko kalmar Larabci. Ya ce mutumin kirki ne a wajen abota, amma duk ɗalibai sun san yana kai rahoton baƙi, da haka yake riƙe da gurbin karatunsa. Ya tambaye ni ko na faɗa masa wani abu. Na ce ƙafafu kawai na ce ina gani. Ya roƙe ni kada in gaya wa Inna gaskiya. Na ce wannan alkawarin ba zan ɗauka ba.

Na ƙara mako guda, na sake hawa dutsen sau ɗaya. A kicin na daina zama kurma, tsohuwar ta mai da ni ɗalibinta, in na saka wa suna wutsiyar da ba tasa ba sai ta buga cokali a tebur. Tafinta da ya ji ina haɗa kalmomi ya tambaye ni inda na koya. Na ce a jirgi.

Hanyar da na bi ita na biyo. Na bar rigunan sanyi da takardar biza a Khartum wajen ɗan baffana. A tashar Jidda ma'aikacin jawazat, wato shige da fice, ya juya fasfona gaba da baya, ya ce na daɗe a Sudan. Na ce dangi da yawa. Ya buga hatimi ya ce yalla, in wuce. Zafin garin ya rufe ni, ban taɓa jin daɗin gumi irin na ranar ba.

Na tarar da Inna a kan tabarma. Ban tsaya kewaye-kewaye ba, na ce Musa na nan da sunansa da sallarsa, amma yana asibiti, tarin fuka ne.

"Irin na babanku?"

"Irinsa. Amma yanzu akwai magani, Inna. Na ga waɗanda aka sallama da idona."



"Wa ke kai masa abinci?"

"Uwar matarsa. Tafiyar yini ce, duk mako take zuwa."

"Tsohuwa ce?"

"Ta kusa kai ki."

Ta dafa bango ta miƙe, ta ce a ɗauko mata turmi, za ta daka yaji, a nemo dabino mai kyau da zanen goyo, in bincika yadda za a yi su isa. Tun ranar take cin abinci.

Zargi ne ya raka ni wannan tafiya tun daga gareji, kuma ba zan ce bai yi mini rana ba, don da na yarda da labarin da aka tarbe ni da shi a tasha da na dawo hannu wofi. Amma ban iya raba shi daidai ba. Kaso mafi girma na ɗora wa matar da ta fi kowa wahala a kan ƙanena, ita kuwa ko sau ɗaya ba ta ɗauke kwanon daga gabana ba. Masu cewa aƙidar 'yan gurguzu na je koyo, abin da na koyo wutsiyoyi shida ne, biyu ma sun fara kwance mini. Musa yana can kan dutse har yanzu. Wanda ya ji labarin nan ya sa shi a addu'a, ya haɗa da tsohuwar.